Iya Baiwa da Wasa Marar Amfani

Duk wanda ya yi yarinta a ɗan cocin nan na bayan Wagini ya san ƙarar usur ɗin Iya Baiwa. Na ƙarfe ne, duk ya yi baƙi, na mijinta ne marigayi Gagare, wanda ya taɓa yin gadi a Batsari. Da ya rasu bai bar mata abin kirki ba sai usur ɗin da wani jaki mai gardama. Jakin ta sayar. Usur ɗin ta sa masa igiya ta rataya a wuya, da shi kuma take mulkin yara duk ranar godiyar kaka, ranar da kowane gida ke kawo dami ko ƙwarya gaban bagadi, a yi addu'a, a ci abinci, sannan a saki yara su yi wasa.

A ƙauyen Zakka aka haife ta. Ita ce 'yar fari, uwarta kuma mai yawan ciwo, don haka tun ba ta iya ɗaura zane ba aka ɗaura mata goyo. Ƙanin da ya sauka daga bayanta, wani ne zai hau. Da ta yi aure sai gayaunarta ta gyaɗa da wake, da suyar ƙuli-ƙuli da take kaiwa kasuwar Batsari. Ba wanda ya taɓa ganin hannunta a sake. Ko ana wa'azi, in ka leƙa gefen zanenta za ka tarar tana tsinkar zogale. Fastoci sun zo sun yi magana sun tafi, zogalen yana nan.

Irin wannan matar aka ba wasan yara, kuma shekara da shekaru kowa na yabawa. Akwai tseren ƙwarya: a zube gyaɗar gonar coci, a busa usur, wanda ya riga cika ƙwaryarsa da ɓararriya ya ci. Akwai jirgin ƙasa: yara su jeru da dammunan dawa a ka, suna kukan jirgi, tasharsu rumbun coci. Akwai neman zinariya, wato roron gyaɗar da ta maƙale a ƙasa. Wanda ya fi duka farin jini shi ne dukan Shaiɗan. A cika buhu da busasshen wake, a zana masa ido da haƙora da gawayi, a ba yara sanduna. Wani fasto har cewa ya yi akwai darasi a ciki. Kafin la'asar Shaiɗan ya sha kashi, wake ya fita daga kwasfa, matan zumuntar coci na zaune a inuwa suna fifita. Tukuici kuwa ƙuli-ƙuli ne, wanda ya ci ya samu, wanda ya faɗi ma ya samu.

Da haka ake tafiya har jikarta Larai ta je hutu Katsina wurin goggonta. Larai yarinya ce mai ido a tsaye da baki kamar reza, ba a nesa ta ɗauko ba. Ta dawo ana saura kaɗan godiya, ta sami kakarta a tsakar gida tana zana wa buhu haƙora.

"Tsohuwa," ta ce, "ashe cutarmu kike yi."

"Ke da wa?"

"Mu duka. A Katsina na ga wasan yaran coci. Balan-balan ake hurawa har ya fashe. A ɗora ƙwai a cokali a yi gudu. In an gama ba abin da ya shiga rumbu. Naki ba wasa ba ne, ƙwadago ne ba lada."

"Ba ku yi dariya ba?"

"Mun yi, don ba mu sani ba. Yanzu mun sani."

"Ja'ira. Ƙwan fa, in ya faɗi?"

"Ya fashe mana."

Baiwa ta ajiye gawayin ta riƙe baki. Ƙwai lafiyayye, da gangan.

Kafin Lahadi magana ta zaga yara kaf. Suka je wurin Rebecca, malamar makarantar Lahadi, suka ce in dai wasan Iya ne bana ba da su ba. Rebecca yarinya ce mai kunya, ba ta neman rigima, amma tana da waya, kuma a cikin wayar akwai wasanni iri-iri. Maganar ta kai ga Yohanna, babban dattijon coci, mutumin da bai taɓa yanke hukuncin da zai hana shi cin tuwo a wani gida ba. Ya yi ta shafa gemu, sannan ya ce ranar godiya Rebecca ta kafa nata a gindin dalbejiya, Iya ta kafa nata inda take so. Inda yara suka taru, nan usur zai kwana.

Baiwa ta dafe usur a ƙirji ta ce ta ji. Ba ta ce ta yarda ba.

Ta koma gida da niyyar ƙirƙiro wasan da ba ya haifar da komai, ta ga ashe aiki ne ja. Ta ce yara su yi tseren ɗibar ruwa, sai ta ga randunan coci sun cika. Ta ce su yi jifa, sai ga tsuntsaye sun bar gero. Ta ce su yi tsalle-tsalle, zuciyarta ta ce ai gara a kan daɓen da ake son ya kwanta. Ko ta ina ta ɓullo, amfani na tsaye yana jiranta. Abin ya dame ta har ta ƙona ƙuli-ƙuli, wanda ba ta taɓa yi ba.

Ranar kasuwa ta haɗu da Inno a hanya. Inno Bafulatana ce mai tallar nono, tun suna yara a Zakka suke tare, rugarsu Inno a bayan gidansu Baiwa. Ɗaya na salla, ɗaya na zuwa coci, ba su taɓa ganin abin tattaunawa a ciki ba. Suka gaisa, aka tambayi shanu, aka tambayi jikoki, aka tambayi ciwon gwiwa, sannan Baiwa ta sauke murya.

"Inno, da muna yara wane wasa nake yi?"

Inno ta yi dariya har sai da ta dafe ƙwaryar da ke kanta. "Ke? Mu muna carabke, ke kina gefe da goyo kina tsince tsakuwa a wake."

"Ko sau ɗaya?"

Inno ta gyara zaman ƙwaryarta. "Akwai ranar da kika ajiye ƙaninki a gindin kanya, muka hau dutse muka yi ta sulu a kan tsohuwar tabarma. Kin yi ihu har shanunmu suka watse. Zanenki ya yage daga nan har nan."

"Na tuna dukan da na sha."

"Dukan kika riƙe. Ni ihun na riƙe."

Baiwa ta ƙarasa tafiyar tana tunanin dutsen nan. A bayan cocinsu akwai wani falalen dutse mai gangara, a ƙasansa yashi. Tun da mutane suka rage zuwa gonakin nesa, nan awaki ke yini, duk ya cika da kashinsu da ƙasa da busasshen ganye.

Ranar godiya ta zo. Aka shigo da dawa da gero da kabewa ana waƙa, wani ya jawo ɗan akuya har gaban bagadi, ɗan akuyan ya ci furen ado. Aka ci shinkafa da wake. Rebecca ta ɗaure balan-balan a rassan dalbejiya, ta jera cokula, yara suka yi mata caa. Sai aka ji usur daga bayan coci.

Ba wanda ya yi niyyar zuwa, amma ƙafar da ta saba ba ta shawara. Suka zo a ɗarare, Larai a gaba, hannu a ƙugu. Suka tarar da Iya a saman dutse, gefenta tarin tsofaffin buhuna. Ba gyaɗa, ba dami, ba sanda.

"Ga wasa," ta ce. "Ka zauna a buhu, ka riƙe bakinsa, ka sulale ƙasa. Ka hawo ka sake."

"Sai kuma me?" in ji Larai.

"Shi ke nan."

"Me za a samu?"

"Ba komai. Asara ma za a yi, buhunan nan ba za su ƙara moruwa ba."

Larai ta ɗaga buhu ɗaya ta zazzage, ko an ɓoye wake a ciki. Ta leƙa ƙasan dutsen ko akwai abin da ake son a murƙushe. Ta juya ga sauran. "Kar wanda ya hau. Dutsen take so mu share mata da mazaunanmu."

"Sharri dai, uwar iyayi!" in ji Iya.

"In wasa ne, tsohuwa, ke ki fara. Mun taɓa ganin kin yi abin da ba riba?"

Yara suka fara juyawa wajen dalbejiya. Can gefe Yohanna na tsaye yana shafa gemu, Rebecca na bayansa tana kallon ƙasa. Baiwa ta dubi gangaren. Daga sama ya fi yadda ta san shi tsawo. Ta tuna gwiwarta, ta tuna sabon zanen zumunta da ke jikinta. Sannan ta tamke ɗamara, ta shimfiɗa buhu, ta zauna da ƙyar, ta sa usur a baki don ta ba kanta izinin tashi.

Ba ta sami cire shi ba. Buhu ya kwashe ta tun ba ta shirya ba, ihun da ta tashi yi duk ya bi ta cikin usur. Haka ta gangaro, ƙafafu a sama, ɗankwali ya yi nasa wuri, usur na tsala ƙara tun daga sama har ta dira a yashi ta mirgina. Awaki suka watse. Matan zumunta suka taso da salati irin nasu, Yohanna ya saki gemu.

Ta ɗan jima a kwance. Larai ta sauko a guje, a firgice. "Iya! Iya, kin mutu?"

Kafaɗun tsohuwa ne ke rawa. Ta tofar da usur, dariya ta ƙwace mata, irin wadda ko Gagare bai taɓa ji ba. Da ta sami numfashi ta ce, "Ɗaga ni, ja'ira. Miƙo buhun, wancan karon ban shirya ba."

Ba a sake bi ta kan cokula ba. Yara suka yi wa buhuna wawa, waɗanda ba su samu ba suka hau biyu-biyu. Can sai ga Rebecca ta cire takalmi ta karɓi layi. Balan-balan suka yini a rana suna fashewa su kaɗai. Da yamma Yohanna ya ce shi bai ga abin yankewa ba, kowa ya ga inda yara suke. Usur ya kwana a wuyan mai shi.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Wandunan godiya sun huje ta baya, iyaye mata suka yi ta mita. Gyaɗar coci na nan a zube ba a ɓare ba, Shaiɗan ya tsira ko sanda ɗaya bai sha ba, matan zumunta da suka saba fifita a inuwa suka yi mako suna bugun wake suna ambaton sunan Baiwa. Ita kuma ƙugu ya riƙe ta, sai da Inno ta kawo mata man shanu ana murzawa.

Ranar da ta fara fita, Larai ta neme ta a gida ba ta gan ta ba. Ta zaga bayan coci. Dutsen ya goge tas, yana ƙyalli kamar an wanke, ga Iya a kai da sanda tana baza barkono.

"Na faɗa!" Larai ta ƙwala ihu. "Wallahi na faɗa!"

"Ban shirya haka ba," in ji Baiwa, ba ta ko ɗago ba. "Amma dutse ya yi kyau haka, a bar wa awaki?"

"Baɗi ba mai hawa."

"Za ku hau. Ni ce ma ta farko." Ta nuna gefe da sandar, inda awaki suka fara matsowa. "Tunda kina tsaye, kira sauran. Wanda ya fi korar akuya yana da ƙuli-ƙuli."

Ta sa usur a baki.