Zahara'u mai ƙosai da wasan wake

Tun ina lakwal, wato makaranta, Zahara'u ke tuyar ƙosai a bakin tashar Madarunfa. Da kaskon nan ta riƙe gida bayan rasuwar mijinta. Mace ce mai ban dariya, in ta kwaikwayi tafiyar mutum sai ka riƙe ciki. Wannan baiwar ce ta ja mata.

Bara wasu masu bincike suka zo daga birni. Sun gano cewa maganin ƙwarin da ake barbaɗa wa wake a rumbu yana cutar da mai ci, kuma buhu mai leda a ciki yana kashe ƙwarin ba tare da magani ba. Gaskiya ne, ban musa ba. Shugabansu, Malam Rabi'u, ya ce mutanen karkara ba sa karanta rahoto, sai dai a yi musu wasan kwaikwayo. Aka sa Zahara'u ta fito a matsayin matar da ke zuba wa wake magani, ta soya ƙosai, mijinta ya ci ya faɗi yana shure-shure.

Ko suna ba su sake mata ba! Da zanenta, da kaskonta na gaske aka yi wasan, a Safo, a Ɗan Issa, har a tashar da take sana'a. Aka ɗauka a waya, ya bi gari.

Wasa ya yi kyau, buhu ya karɓu. Ƙosai kuwa ya kwanta. Direbobi na wucewa suna cewa, "Ta-kashe-miji, yau wa za a kwantar?" Da raha suke yi, amma wajen wata suke saye. Mata suka hana ƴaƴansu zuwa.

Na raka ta wurin Malam Rabi'u. Ta ce, "Malam, ka zo tasha ka faɗa musu wasa ne."

Ya yi dariya. "Haba Inna, ai wannan ya nuna saƙo ya shiga!"

Na ce, "Ya shiga, ya fito da ita daga kasuwa. Kai da hanyar cin abincinka aka yi wasan?" Ya ce zai duba. Aikinsu ya ƙare, suka tafi.

Har yanzu tana fitowa. In mutum ya tsaya yana jinkiri, sai ta ɗauki ƙosai ɗaya daga kwanon, ta ci a gabansa, ta haɗiye, ta jira. Wasu su saya, wasu su wuce. Ta ce mini ko ƙamshinsa ba ta so yanzu.