Malam Ɗan'azumi da Ƙofar Bayan Hajiya

Wa ya fi laifi, gidan da ke ihun ɓarawo alhali babu ɓarawo, ko ɗan sandan da ya gaji ya daina zuwa? Na daɗe ina juya tambayar nan, ban samu bakinta ba. Malam Ɗan'azumi, wanda zai ajiye aiki ƙarshen watan nan, bai taɓa zama yana juya ta ba. Shi dai in gari ya waye a unguwarsu ta Handsworth sai ya ɗora tsaninsa a mota, ya bi gidaje yana gyaran ƙararrawar ɓarayi. Ran Asabar ya kama hanyar Manchester, inda mutanenmu ke jiransa.

Tun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, aka rage 'yan sanda, ba a ɗaga wa kowa ƙafa. Ƙararrawarka ta yi ƙarya sau uku a shekara, sun daina amsa ta, ko da ranar gaskiya ce.

Gidan Dakta Musbahu a unguwar Whalley Range ta Manchester ya riga ya yi biyu. In zai tafi aiki sai ya kunna wa ƙofofi ƙararrawa, don mahaifiyarsa, Hajiya Zinatu, ita kaɗai ake bari. Ita kuwa tun tana Kano, da hantsi take watsa wa tattabaru ragowar shinkafa. Tana buɗe ƙofar baya, unguwa ta ɗauka. Ya nuna mata lambobin kashewa, ta ce ita ba za ta nemi iznin bango ba kafin ta buɗe ƙofa. Har ya fara maganar ta koma gida, alhali ba ta da kowa a can tun rasuwar mijinta.

Matar Likita ce ta ba ni labarin zuwan Ɗan'azumi. Bai taɓa waya ko ɗaya ba sai da ya durƙusa ya gai da Hajiya.

"Kai ne mai abin kukan nan?"

"Ni ne, Hajiya. A yi haƙuri da shi, ba shi da tarbiyya."

"Likita ya ce wai na bar tsuntsaye da yunwa saboda council."

"Mama, police ne, ba council ba," in ji Likita.

"Duk kanku ɗaya."

Ɗan'azumi ya ciro wani ɗan baƙin abu kamar ƙwallon dabino, ya ce babu lamba, a goga shi kawai a jikin akwatin ƙararrawar da ke bango, sai ta kashe kanta. Ya nemi ya ɗaura mata a jelar carbinta. Ta miƙa carbin, amma ta ce ba ta yi alkawarin gogawa ba.

Malam, kai ne ka gane ba duk gyara ke cikin waya ba. Mai tsani, mai haƙuri da tsofaffin mutane! Mun gode, Allah Ya ba ka hutu mai albarka. Ku kuma matasa masu koyon sana'ar, ku riƙa tambayar yadda mutanen gida ke wuni kafin ku buɗe akwatin kayan aiki.

Ran Litinin da hantsi, Hajiya ta tsaya gaban bangon da kwanon shinkafa a hannu. Ta harare shi, ta yi bisimilla, ta goga jelar carbin. Ta buɗe ƙofa. Ba a ji komai ba sai fukafukai.