Zogale a Farin Faranti

Ƙarfe ɗaya da kwata na rana ne abin ya fara lalacewa, lokacin da mai kawo abinci ya tsaya kanmu, kawuna ya nuna ni ya ce, "Ga mai bak nan, ita za ta zaɓa mana."

Ban taɓa zama tebur ɗaya da babana ba sai ranar. Ni ce 'yar fari, ba ya faɗin sunana, ba ya yi mini magana kai tsaye. In yana son ruwa, sai ya ce wa inna, "A ce wa yarinyar nan." Tun da sakamakon bak, jarrabawar gama sakandare, ya fito nake jiran ya ce ko zan tafi jami'a a Maradi, shi kuma ba abin da yake yi sai zancen noman gero. Shi ya sa kawu, ƙanen inna, wanda yake tuƙa motar wani proje na raya karkara, ya ɗauko mu daga Maijirgi ya kawo mu gidan abincin nan na Tasawa da kowa ke labari, inda manyan ma'aikata ke ci. Wai baba ya gani da idonsa irin wuraren da karatu ke kai mutum.

Mai kawo abincin ya jero sunaye da Faransanci, da sauri kamar mai hadda. Na kama kowace kalma, har na lura ya yi kuskure ɗaya. Amma a abinci mafi tsawon suna akwai "moringa", ban taɓa cin karo da ita a littafi ba. Da na yi tambaya ɗaya, da ta isa. Na ɗaga kai, na ga baba yana kallon bango, na san kunnensa yana wurina. Sai na maimaita sunan daidai, harafi-harafi.

"Uku!" in ji kawu. "Malam, ka ji harshe? Yau za ka ci abin da ba ka taɓa ci ba."

"Kai dai direba ne," in ji baba. "Surutu ya fi tuƙi."

Muka jira. Na'urar sanyi tana hura mini a wuya, na kasa matsar da kujera don kada ta yi ƙara. Ƙofar gilashi tana bayan baba, in zan fita sai na ratsa ta gabansa. Na zauna ina gyara cokali mai yatsu da wuƙa su daidaita da bakin tebur.

Aka kawo manyan farantai farare. A tsakiyar kowanne, ɗan tsibi kamar an kife ludayi. Dambu ne da zogale. Zogalen da ke bayan ɗakin inna, wanda muke ci in rumbu ya yi ƙasa. Ba ƙuli-ƙuli, ba yaji, man kamar an nuna masa kwalba daga nesa, ga shi ya huce.

Kawu ya yi tari. "Ai wannan na musamman ne. Turawa ke son shi."

Baba ya ture cokalin gefe, ya yi bisimilla, ya sa hannu. Baƙo ba ya kushe abin da aka ba shi, ba ya kuma bari. Ni ma dole na ci. Dambun yana zubewa ta tsakanin yatsun cokali, wanda ya kai baki kuma ya tsaya a maƙogwaro. Ina taunawa ina tunanin shi ke nan, Maradi ta wuce. Abin da shekarun lakkol, duk bokon nan nawa, suka iya yi ke nan a gabansa: su sa ƙanen matarsa ya sayi abincin bazara da tsada.

Muka shiga mota, muka bar Tasawa. Ina baya, ina kallon geron da ya fara kai. Kawu ne ya kasa haƙuri.

"To, Malam, maganar ɗiyar fa? Tana jin ka."

Baba ya daɗe yana sakace haƙori da tsinken da ya ɗauko daga teburin. Bai juyo ba.

"Ka ce mata ta tahi," ya ce. "Karatun da bai kai ga sunan zogale ba, ai da saura."