Rigar da Aka Rage wa Inci Biyu

Saura wata biyu bikina aka kawo lefe daga Ajingi, kuma tun daga ranar kowa ya samu abin faɗa a kan jikina. Ni tun tasowata a Gaya mai jiki ce. Haka Inna take, haka kakata take, in muka jeru a tabarma sai ka ce buhunan gero aka jingine. Ina koyarwa a Islamiyyar unguwarmu cikin hijabi har ƙasa, babu wanda ya taɓa tambayata inci nawa ne ƙuguna, ni ma ban sani ba.

A cikin lefen akwai wani leshi ruwan zuma. Uwar mijin da kanta ta zaɓe shi, ta aiko cewa shi take so in sa ranar da za a kai ni. Ƙanwata da ke karatu a Kano ta ja ni wurin mai ɗinkinta. Matar ta zagaya ni da tef, ta faɗi lamba, ta dubi ƙanwata, suka sunkuyar da kai kamar sun zo ta'aziyya.

"Anti, zan rage inci biyu," in ji mai ɗinkin. "Haka muke yi wa amare. Kafin biki kowace amarya faɗawa take yi, in na yanka daidai jikinki sai rigar ta yi miki yawa."

Na ce, "In ban faɗa ba fa?"

"Za ki faɗa mana, Yaya," ƙanwata ta ce. "Hoton biki ba ya yafe wa kowa. Har jikokinki sai sun gani."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba, aka yanka. Leshin ke nan, babu ragowa, kuma babu bakin da zan je in gaya wa uwar miji cewa zaɓinta bai shige ni ba. Ƙanwata ta bar mini wani shayi mai ɗacin tafasa, ta hana ni tuwon dare, ta koma makaranta tana bibiyata ta waya.

Sati biyu ina wannan horo sai ga Goggo, yayar Baba, daga Toranke. A danginmu goggo ce ke gyara amarya, ba a yi mata gardama. Ta sauka da gyaɗa da gero da kwalbar man shanu. Ko ruwa ba ta sha ba ta kama damtsena ta matsa.

"Ke, ciwo kika yi?"

"A'a Goggo, ragewa nake yi."

"Rage me? So kuke mutanen Ajingi su ce rumbun ƙanena babu hatsi? A zamaninmu amaryar da aka ga ƙashin wuyanta, uwarta ce ke shan kunya."

Daga nan na shiga tsaka mai wuya. Da safe in sha shayin ƙanwata, in wuni ina zarya bayan gida. Da yamma Goggo ta dama kunun gyaɗa ko fura da nono, ta zauna a gabana har sai ta ga gindin kwanon. Na yi wa kowacce biyayya, don ban san wacce zan saɓa wa ba. In na tsaya gaban madubi, da safe in ga na yi ƙiba, da yamma in ga na rame, alhali mutum ɗaya ce a tsaye. Na kira angon na tambaye shi yadda ya fi so. Ya ce shi wallahi bai lura ba. Na kashe wayar ina jin haushinsa, ban kuma san amsar da zai ba ni in ji daɗi ba.

Inna ba mai yawan magana ba ce. Da na kai mata kuka, cewa kawai ta yi in ci abin da cikina ya karɓa, ta ci gaba da tankaɗe.

Saura sati guda aka aiko rigar. Zif ɗin ya hau rabin baya ya tsaya cak. Tsoro ya kama ni sosai. A satin nan, Allah ya yafe mini, akuyarmu ce ta sha kunun Goggo duk lokacin da ta juya baya. Akuyar kam ta yi kyau.

Ranar kai amarya mutum biyu suka taru a kaina. Na shaƙi numfashi na riƙe, ƙanwata ta haɗa bakin rigar, ƙawata ta ja zif, ya hau. Aka yi guɗa. Ni kuwa numfashina iyakarsa ƙirji. Da dangin ango suka shigo, na ji wata ta ce amaryar ta rame, wata a gefenta ta ce masha Allah, akwai jiki.

Bayan la'asar aka lulluɓe ni aka kai ni ɗakin Inna don ta yi mini nasiha ta sallame ni. Ina durƙusawa na ji wani abu ya ce ƙas a bayana. Hankalina gaba ɗaya ya koma can. Zif ne? Ɗinki ne? In na miƙe bayana zai buɗe a gaban dangin miji? Na ƙame, na ƙi sunkuyawa sosai, ina jan numfashi kaɗan-kaɗan.

Inna ta ɗora hannu a kaina ta fara magana. Matar da ba ta haɗa jimla uku a jere, ranar ta daɗe tana magana. Ina jin muryarta tana rawa, ina jin matan ɗakin suna shessheƙa, har Goggo tana fyace hanci. Ni ma na yi kuka, amma har yau ban san ko na rabuwa ne ko na matsi ba. Abin da kawai ya shiga kunnena shi ne ƙarshen: "Kin ji ko?"

Na ce, "Na ji, Inna."

Rigar ba ta yage ba. Wani ɗan zare ne ya tsinke a shafin ciki, ko gani ba a yi. Hotunan sun yi kyau, kowa ya faɗa.

Zuwana gida na farko na tambayi ƙanwata me Inna ta ce. Ta ce ita tana waje wurin lodin kaya a mota. Goggo ta ce wannan tsakanina da uwata ne. Na samu Inna tana tsince shinkafa, na zauna kusa da ita, na yi ta kewaye-kewaye kafin na roƙe ta ta maimaita mini maganar ranar nan.

Ta ɗago ta dube ni, sannan ta mai da kai kan faifan.

"Ba a sallamar 'ya sau biyu," ta ce. "Ai kin ce kin ji."