Baba Ndagi Ya Tafi Tokarsa Da Ɗumi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsakiyar cacar baki da wani direban keke da ya ce waldar da na yi masa ba ta kama ba, sai wayata ta yi ƙara. Usman ne, babban ɗan Baba Ndagi. Ko sallama bai yi ba ya ce, "Habu, Baba ya rasu. Bayan la'asar za a kai shi." Na dubi direban na ce ya ɗauki kekensa, ya fi ni gaskiya. Mutanen layinmu sun ce ranar suka fara jin na ba wani gaskiya.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Ndagi Banufe ne daga Bida. Ya zo Maiduguri tun ba a haife ni ba, ya auri Ya Falmata a Bulabulin, ya koyi wani irin Kanuri da ita kaɗai ke ganewa. Sana'arsa duwatsun ado na gilashi. Fasassun kwalabe da karyayyun awarwaro yake narkarwa, ya naɗa su a kan wayar ƙafar keke da ya shafe da laka, sannan ya binne su a tukunyar toka mai zafi, ba a taɓawa sai gari ya waye. Yakan ce, "Dutsen da aka tona da wuri, a wuyan mai shi zai fashe."

Shagon waldata jikin rumfarsa yake. Shi ya laƙaba mini Kabayid, sunan dutsen nan da masu walda ke jiƙawa ya ba da gas, wai ɗigon ruwa kaɗan ya ishe ni tafasa. Ban yi nisa a makaranta ba. A allunan shaguna da takardun ƙunshin ƙosai na koyi karatu, daga baya waya ta ƙarasa ni. Duk layin nan, in na ce "na karanta," dariya ake yi. Baba ne kaɗai ke jawo mini benci ya ce, "To karanta mini, amma ban da ihu."

Hayaƙin murhunsa ne ya ci masa ƙirji. Likita ya ce ya rabu da shi, Usman kuwa ya zo da hukunci: a rushe murhu, Baba ya koma gidan shi Usman ɗin a Mairi ya huta. Saura kaɗan mu ba hammata iska ni da Usman. Baba ya raba mu ya ce, "A jingine ni gaban talabijin kamar buhun gero? Ni roƙona ɗaya ne wurin Allah, in tafi tokata da ɗumi." Usman ya ce, "Shi ke nan, Baba. In an samo wutar da ba ta hayaƙi, ka ci gaba. In ba a samu ba, Mairi."

Na ce wuta ce? Ai a gidanta nake. Na jawo bakin wutar waldata na kabayid na riƙe masa. Dutsen farko ya fito baƙi ƙirin, na biyu ya fi shi. A lokacin Mama Rifkatu ta iso daga Moduganari. Tsohuwar malamar firamare ce, ita ke shirya duwatsun Baba a zare tana sayar wa matan cocinsu. Ta ɗaga ɗaya ta duba a rana ta ce, "Habu ɗana, wannan kashin akuyar waye?" Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ban yi ba, don Mairi nake hangowa.

Na koma kan waya na yi ta tono. Ashe kabayid maƙiyin gilashi ne, baƙinsa ke shiga ciki. Abin da masu wannan aikin ke amfani da shi wani bakin wuta ne da ake kafewa a tebur, hannuwa biyu su sami sakewa, yana cin gas ɗin girki da oksijin. Wani mai sayar da kayan ɗakin gwaji ya sa aka kawo masa guda biyu daga Legas, ya yarda mu gwada mu zaɓi ɗaya. Babba da ƙarami.

Ni babban nake so, kuma har gobe ina cewa ya fi kyan gani. Na kunna shi, wuta ta miƙe kamar hannun ƙato, tana gurnani, zafinta na dukan fuska. Na ce, "Baba, ga maganin Usman!" Baba ya matso kusa. Ya ɗauki guntun awarwaro shuɗi mai haske, irin wanda ba ya ɓoye laifin wuta, ya sa. Kafin ya juya wayar keken, gilashin ya zube kamar kunu.

"Kabayid, ni duwatsun wuya nake yi, ba ƙofar gareji ba. Kunna ƙaninsa."

Na kunna ina ƙunƙuni. Siririyar wuta ta fito, tsawon ganyen darbejiya, shuɗiya, shiru. Baba ya rufe ido ya karkatar da kunne. Ya ɗan murɗa makullin gas, bakinta ya yi rawaya. Ya girgiza kai ya mayar. Ya ƙara oksijin, ta fara tsaki, ya rage. Da ta daidaita ya ce, "Yauwa. Wannan tana saurare." Ya nuna mini: kusa da baki na narkarwa ne, can ƙarshen harshen na ɗumama dutse kada ya tsage. Ya naɗa gilashin, ya zagaye sumul, shuɗinsa bai dusashe ba.

Na ce, "Baba, haka na karanta! Masu rubutun ma sun ce ƙananan ramukan nan na bakinsa a waje suke haɗa oksijin da gas, shi ya sa ba ya ihu kuma ba ya ɓata launi. Sun ce mai ƙananan aiki kada ya sayi babba, oksijin kawai zai sha masa."

Ya ce, "To ka gaishe su, su ma suna da kunne."

Ni na haɗa masa teburin ƙarfe na kafe shi. Na kuma tubure sai an sa abin hana wuta komawa cikin tiyo, da tabarau na kare ido, an buɗe bayan rumfa don iska. Ya ce na fi likita fitina, amma ya sa. Usman ya zo duba aiki da farin ƙyalle, ya riƙe shi sama da wutar, ya juya ya sake juyawa, fari tas. Ya ce, "Baba, ka ci." Ya Falmata daga zaure ta ce, "Alhamdulillahi! Da wa zai iya da shi a gida yini guda?" Da yake murhu ya tafi, ita ta karɓi aikin kawo masa toka mai zafi daga madafinta kowace safiya.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na san shi da su. Ƙaramar wutar nan ta ba shi abin da murhu bai taɓa ba shi ba. Ya fara yin 'yan kifaye da kwaɗi da tsuntsaye masu ido kamar ƙwayar gero. Ya yi carbi wa masu zuwa masallaci, ya yi abin wuya wa matan su Mama Rifkatu, tukunya ɗaya ke ɗumama su duka. In dutse ya fito a karkace ba ya sayarwa, kuma ba ya yarwa. Maroƙiyar da ta fara wucewa yake ba, ya ce ita ma wuya gare ta. In na shigo ina zage-zagen mai wutar lantarki ko mai haya, ba ya yi mini wa'azi. Hannu kawai yake miƙawa a iska kamar mai murɗa abu, ya ce, "Rage gas, Kabayid."

Ranar da ya rasu ya yi aiki har azahar. Ya kashe wuta, ya rufe tukunya, ya yi salla, ya kishingiɗa. Shi ke nan.

Da muka dawo daga maƙabarta, ni da Usman muka shiga rumfar don mu rufe. Ya dafa tukunyar, sai ya ɗago ya dube ni. Da ɗumi. Ya kai hannu zai ɗaga murfi, na riƙe shi na ce, "Sai gari ya waye." Ni da bakina na ce wa wani ya yi haƙuri. Usman ya fashe da dariya hawaye na zuba, ni ma haka.

Da hantsi muka tona gaban Ya Falmata. Shuɗaye ne masu haske, babu wanda ya tsage. Mama Rifkatu ta shirya su a zare ta miƙa mata. Ya Falmata ta ƙulle su a gefen zane ta ce sai ta fita takaba za ta sa, kuma ba za ta cire ba.

Ya Allah, Ka amsa masa roƙonsa na duniya a gaban idonmu, Ka amsa namu a kansa. Ka gafarta wa Baba Ndagi, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka nisanta shi da wutar da ba ta saurare, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Ya Falmata da Usman da ƙannensa juriya, Ka albarkaci bayansa. Mu kuma da muka rage a layin nan, Ka rage mana gas, Ka sa mu cika da imani. Amin.