Doguwar Hanyar Kai Amarya

A gidanmu na unguwar Mansur, a Makka, ba don ɗumi ake hura wuta ba. Duk wanda ya yi bazara ɗaya a Makka ya san babu mai neman ƙarin zafi. Kakata Hajja Dije, mahaifiyar Baba, gyaɗa take soyawa ta sayarwa, kuma da yake da rana murhu ba ya kusantuwa, sai bayan magariba take ɗora kaskonta a tsakar gida. Mu kuma mu kewaye ta, ni da ƙanena Sale da 'ya'yan maƙwabta, wai mun zo taya ta aiki. Aikin namu bai wuce tsince wadda ta ƙone mu jefa a baki ba. Masu hali sun tafi Ɗa'ifa shan iska, mu kuwa ɗakunanmu na kwano da katako ne, sun wuni suna shan rana, don haka babu mai marmarin shiga ciki.

A cikin yashi ake soya gyaɗar, kuma Kaka ba ta yarda da yashin unguwa ba, ta ce awaki sun gama da shi. Saboda haka duk bayan 'yan kwanaki, in la'asar ta yi sanyi, sai ta ɗauki sandarta ta ce, "Yalla, ku tashi." Mu ɗauki gwangwanaye mu bi ta zuwa wani kwari a bayan duwatsu inda yashi yake fari tas. A hanya muna tsintar ƙirare, amma ta hana mu taɓa ɗanyen reshe. Ta ce ƙasar Harami ce, ko ƙaya ba a karya mata, sai wadda ta bushe ta faɗi da kanta.

Zuwan bai taɓa damuna ba, dawowar ce abin haushi. Akwai hanya miƙaƙƙiya tsakanin duwatsu biyu da take faɗowa daidai ƙofar gidanmu, amma Kaka ba ta taɓa bin ta ba. Sai ta karkata ta bayan masaukin raƙuma, ta wuce wata tsohuwar rijiya, ta ɓullo wa gidan ta ɗaya gefen. Ni ga gwangwanin yashi a ka, ga gumi yana shiga ido, in yi ta ƙunƙuni. Ita kuwa sai ta tambaye ni ko gidan gudu zai yi. Sale, wanda take kira mijinta, ya kan ce wallahi a kan wannan yawon zai sake ta. Ta ce ya bari su isa gida tukuna, ba a sakin mace a kan hanya.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, na kura da na dila da na aljanun tsamiyar da mu haihuwar Makka ba mu taɓa gani ba. Amma akwai guda ɗaya da ba ta fitowa sai ranar da muka ɗebo sabon yashi. Tana juya gyaɗa da ludayi sai ta ce, "Ga wata nan ta taso daga bakin ruwa." Mu ce, "Ta ƙaraso mu ji ta."

Wai akwai wani ɗan tsibiri kusa da Sawakin, a tekun da ke tsakanin ƙasar Sudan da Jidda, inda mahajjata suke sauka su jira jirgi. Babu itace a kansa, babu rijiya, kuma ƙanƙantarsa ta kai in mutum ya yi atishawa a wannan baki, na wancan bakin zai yi masa addu'a. Wata mata da 'yarta budurwa suka sauka a can. Sun gama aikin hajji, mijin matar ya rasu a Mina, suna hanyar komawa ƙasar Kano inda ta bar yara maza ƙanana a hannun dangi. Suna nan zaune sai ga wani jirgi daga yamma, kuma a cikin waɗanda suka sauko har da wan matar da matarsa da ɗansu saurayi. Su Makka suka nufa, da niyyar zama har mutuwa.

Saurayin da budurwar tare suka tashi, kuma tun a gida kowa ya san da maganarsu. Aka tambayi budurwar, ta sunkuyar da kai ta ce tana so. Uwar ta san abin da wannan amsa take nufi. Jirginta yamma zai yi, na 'yarta gabas, kuma tafiyar ƙafa ce ta shekaru a tsakani, ba irin wadda ake yi sau biyu ba. Ba za ta iya barin yaran da ke gida ba, ba ta kuma ce wa 'yarta a'a ba. Mai jirgi ya ce iska ta juyo, gobe da safe kowa zai tashi.

A ranar aka yi komai. Wani malami cikin matafiya ya ɗaura aure. Uwar ta kwance kayanta, ta fito da lallen da ta sayo a Madina don tsaraba, aka ƙunsa wa amarya. Dabinon da za ta kai gida shi aka raba wa jama'a. Masunta suka kawo kifi, wata mata ta kife gwangwanin ruwa ta mai da shi ganga. Kaka ta kan tsaya a nan ta ce ba ta taɓa jin bikin da aka ci kifi kamar wannan ba, har tsuntsayen teku sai da suka ƙoshi.

Da aka zo kai amarya sai dariya ta ɓarke. Rumfar da aka kafa wa ango tana manne da ta uwar amarya, tabarma ɗaya ce ta raba su. Mata suka ce ai abin ya zo da sauƙi, a ɗaga tabarmar a tura ta kawai. Uwar ba ta yi dariya ba. Kaka ta kan ajiye ludayi in ta zo nan, ta faɗi maganar a hankali: "'Yata ba za ta shiga ɗakin miji ta ƙarƙashin tabarma ba. Kai ta za a yi, kamar kowace amarya."

Ta lulluɓe 'yarta da mayafi har fuska, ta kama hannunta, ta bi bakin ruwa da ita, mata suna biye da guɗa. Suka zagaye tsibirin suka dawo ƙofar ango. Ango ya miƙe, ya gyara hula. Uwar ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba, ta ce hanya ba ta ƙare ba. Suka sake zagayawa. Masu guɗa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, mai ganga ta gaji, kifin ango ya huce, har ya rage daga uwa sai 'ya suna tafe a kan yashi. Yawan zagayen kuwa ba shi da tsayayyen adadi, ya danganta da gyaɗar da ta rage wa Kaka. In buhun da saura, sai su yi ta zagaye har Sale ya yi barci. A ƙarshe dai, da rana ta taɓa ruwa, uwar ta tsaya a ƙofar, ta sa hannun 'yarta a na matar wanta, ta juya ta shiga tata rumfar. Da safe jirage biyu suka tashi, kowanne ya kama gabansa.

Daga nan Kaka ta sauke kasko ta ce, "Gyaɗa ta soyu, tatsuniya ta ƙone."

Mun san ita ce budurwar. Baba ya gaya mana, ita ma ta san mun sani, amma ba ta taɓa cewa ni ce ba, mu ma ba mu tsananta ba. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Na ga yadda ake kai amare a unguwarmu, tsofaffi suna ta zuba musu nasiha a kunne. Na tabbata uwar da ta yi wannan doguwar tafiya ta faɗa wa 'yarta wata babbar magana, irin wadda take riƙe mace har tsufa. Duk lokacin da na tambaya, amsar Kaka ɗaya ce.

"Ta ce mata, kula da dutse."

"Sai me kuma, Kaka?"

"Sai aka jima ta ce, kula da wani dutsen. Ke ba ki san bakin teku ba, Kulu, duk duwatsu ne masu kaifi."

Na ɗauka rowa take yi mini, ko kuma maganar ta manya ce, sai na girma. Na yi fushi da ita a kan haka fiye da sau ɗaya.

Na girma ɗin, aka sa ranata da Usman, ɗan gidan da muke haɗa katanga da su, wanda tun muna yara yake cin gyaɗar Kaka kyauta. Bikin ya faɗo a tsakiyar bazara. Mata suka shirya kai ni bayan lisha, Kaka ta ce sam, bayan la'asar za a yi, idonta ba ya gani da dare. A lokacin gwiwoyinta sun ƙi, ta daina zuwa ɗebo yashi, Sale ne yake kawo mata. Inna ta ce da ita, "Hajja, ki huta, ai ga ƙofar nan." Ta ce a miƙo mata sandarta.

Ta kama hannuna muka fita. Ko da yake fuskata a rufe take, ƙafata ta gane hanyar: ta bayan masaukin raƙuma, sai tsohuwar rijiya. Ƙawayena suna ta tsaki ƙasa-ƙasa saboda zafi. Ni kuwa na kasa kunne, na ce yau dai za ta faɗa mini. Tana tafiya tana haki, tana tsayawa ta huta, hannunta mai kaushin ludayi yana riƙe da nawa gam. Muka yi nisa a haka. Can wajen rijiyar ta ɗan ja ni gefe ta ce, "Kula da dutse." Har muka ɓullo ƙofar su Usman ba ta ƙara komai a kai ba. Na shiga ɗaki ina kuka kamar kowace amarya, amma rabin kukan nawa na takaici ne.

Na yi ta mamakin abin da ya sa ta wahalar da kanta. Ni ba jirgin da yake jirana, katanga ɗaya ce tsakaninmu, ko tari ta yi ina ji. Ban gane ba sai da aikin hajjin shekarar ya matso, ranar da maza suka ɗauke ta zuwa Harami aka yi mata salla. Ashe ita ce jirgi yake jira, kuma ina jin ta sani.

Yanzu na kai shekarun da take da su a lokacin, kuma na daina neman maganar da aka ɓoye mini, don dama babu wata magana. Matar tsibirin ba ta da wata hikima da ta rage ba ta koya wa 'yarta ba tun tana goye. Hannun take so ta ƙara riƙewa, kuma muddin ba a isa ƙofa ba, yarinyar tata ce. Haka Kaka take yi da mu a yawon yashi, mu muna ganin mugunta ce.

Jikokina Larabci ya fi musu sauƙi a baki, amma suna son wannan tatsuniyar, ko da yake ba a gaban wuta nake ba su ita ba, a gaban fanka ne. Ƙaramarsu ta tambaye ni kwanan baya me uwar ta faɗa wa amarya. Na gaya mata. Ta taɓe baki ta ce shi ke nan? Na ce shi ke nan, ta ɗauko mini takalmina ta raka ni shago. Shagon yana nan bakin layi, amma ta baya muka bi.