Ranar Da Athol Ya Nemi Mabuɗi

Duk wanda ya taɓa ganin Noelene Kearns ta ɗaga ƙaramar bindiga a kulob ɗin harbi na garinmu, ba ya sake yi mata kallon matar nan mai sayar da kek a ƙofar coci. 'Yar guntuwa ce, ga tabarau mai kauri. Amma da zarar ta miƙe hannu, sai ka rantse dasa shi aka yi. Samari masu askin tumaki, masu damatsa kamar taɓarya, su harba su ɓarar, ita kuwa ta zuba harsasanta a tsakiyar takardar da ake auna harbi a kanta, ta sauke hannu ta tambaya ko ruwan shayi ya tafasa. Ni dai na daɗe a duniya, ban taɓa ganin natsuwa irin tata ba.

Wurin mahaifinta ta koya tun tana budurwa. Ta auri Athol, suka zauna a gonar tumakinsa can yamma da gari, inda ko gishiri za ka ara a maƙwabta sai ka ta da mota. Ta yi renon 'ya'ya, ta dafa wa masu aski naman rago har ta gaji da ƙamshinsa, yaran suka girma suka watse zuwa biranen Sydney da Perth. Asabar ɗin kulob ce kaɗai abin da ta riƙe wa kanta.

Abin da ake tsokanarta da shi, bin doka. Bindigar tana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin wanki, ɗaure da noti a daɓen siminti. Harsasai suna wani wuri da nasu kwado. Mabuɗi kuwa, doka ta ce wanda ba shi da lasisin irin wannan bindiga kada hannunsa ya kai gare shi, ko miji ne. Wasu rataye nasu suke yi a bayan ƙofar kicin, sai ranar da ɗan sanda zai zo dubawa a hau ɓoye-ɓoye. Noelene ko da wasa ba ta taɓa gaya wa Athol inda nata yake ba.

Ƙawarta Glenys, mai shagon magani, ba ta gajiya da zancen. "Ke Noelene, in ɓarawo ya shigo, cewa za ki yi ya zauna ya sha shayi ki je ki nemo mabuɗi?"

"In ya shigo na nuna masa talabijin, dama ta dame ni. Ba don mutum aka ba ni lasisi ba. A ƙasar nan ki je ki ce don kare kai kike son bindiga, ki ga ko za su bari ki gama zama."

"To mene ne amfaninta?"

"Takarda nake harbi, 'yar uwa. Ba ta taɓa kai ni ƙara ba."

Sai fari ya zo, irin wanda tsofaffi ma suka ce ba su ga kamarsa ba. Tafkuna suka tsattsage. Athol ya yi ta fama, har ranar da ya zama dole ya bi tumakin da suka kasa tashi ya harbe su da hannunsa, tumakin da tun kakansa ake kiwon zuriyarsu. Da ya gama, ya ɗauki doguwar bindigarsa da lasisinsa ya kai ofishin 'yan sanda, ya ce ba ya son sake ganinsu. Daga nan mutumin da ke cika gida da ba'a ya yi shiru. Ya daina aske gemu, abinci sai ya tsakura ya ture.

Wata rana da tsakar rana, Noelene tana ninke kaya a ɗakin wanki, sai ga shi a bakin ƙofa. Ya yi aski, ya sa riga mai tsabta, fuskarsa a sake. Da safen ranar ya kai wa maƙwabci karensa, wai ya riƙe masa. Wani zai ce sauƙi ya samu, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

"Tsohuwa," ya ce da murya mai laushi, "ina mabuɗin nan naki? Akwai wata tunkiya a bayan rumfa ta karye, ba zan iya kallonta haka ba."

Babu tunkiya ko ɗaya a bayan rumfa, ita ta share wurin jiya. Nan take ta gane kansa yake son kashewa. Tsoro ya kama ta har cikin ƙashi. Waya tana kicin, gari yana nesa, shi kuma ya ninka ta girma. Ta ajiye tawul, ta zauna a kan akwatin ƙarfen.

"Ba ka da lasisi, Athol."

"Haba, Noelene. Wa zai gani a dajin nan?"

"Doka ce."

"Doka ce za ta zo ta duba tunkiyar?"

"Doka ce dai."

Ta san in ta kira abin da sunansa a lokacin, kunya za ta kore shi waje, can inda idonta ba zai kai ba. Don haka ta laɓe bayan doka, ta bar shi ya yi fushi da ita. Ya kuwa yi. Ya zazzage durowar kicin, ya kifar da gwangwanin fulawa, ya watsa kwandon ɗinkinta, tana jin komai ta ƙofa. Ya kira ta mai taurin kai, ya kira ta 'yar sandan da ba albashi.

Sannan ya dawo ɗakin wankin, kuma nan ne abin mamakin. Mabuɗin yana nan a ɗakin, binne a ƙasan kwalin garin sabulu, wurin da ta san Athol bai taɓa sa hannu ba tun da aka ɗaura musu aure. Shi kuma ya san matarsa. Ya daina dubawa da ido, ya koma taɓa abu ɗaya-ɗaya yana kallon fuskarta: bokiti, dutsen guga, aljihun tsohuwar rigar ruwa. Ya ɗauki kwalin sabulun, ya girgiza, idonsa cikin nata.

Kai, ku zo ku ga mace. Zuciyarta kamar za ta fasa ƙirji, amma ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta saki numfashi a hankali, ta kalli maɓallin rigarsa na sama kamar shi kaɗai ne a duniya. Mabuɗin bai yi ƙara a cikin garin sabulun ba. Athol ya mayar da kwalin kan kanta.

Ya tsaya, hannuwa a sake. Can sai ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da injin wanki.

"Babu tunkiya, Noelene."

"Na sani, maigida."

Ta sauko ta zauna kusa da shi a kan siminti, ya yi kukan da bai yi ba ranar tumakin. Da ya lafa, ta kama hannunsa har cikin a-kori-kura, ita ta tuƙa. A hanya ya ce ita ta yi wa likita bayani, bakinsa ba zai iya ba. Ta ce a'a, shi zai faɗa, ita tana gefe. Haka kuwa aka yi, aka kwantar da shi, Glenys ta rufe shago ta zo ta zauna da ita.

Kafin a sallame shi, Noelene ta kai bindigar wurin dillali mai lasisi, ta rabu da ita. 'Yan kulob suka yi roƙon duniya, suka ce ta ajiye ta a wurinsu, ta riƙa zuwa. Ta ce akwati ya yi aikinsa sau ɗaya, ba za ta sake gwada shi ba, kuma ba za ta riƙa dawowa gidan nan da warin harbi a hannu ba. Ta yi kewar Asabar ɗinta sosai, ba ta kuma ɓoye wa kowa ba.

Ruwa ya dawo daga baya, Athol ma ya dawo, a hankali, da magani da ganin likita. A bara aka yi bikin auren jikarsu Tahlia, wadda ko haihuwarta ba a yi ba a waccan ranar. Amarya ta tsallake samari ta zo ta ce da kakanta za ta yi rawa. Ya miƙa wa Noelene sandarsa, ya tashi yana mitar takalmi ya matse shi, ya zagaya da yarinyar har kiɗa ya ƙare. Noelene ta rungume sandar tana kallo, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.